Ƙannen Malafa a Faranti

Zuwa ga Yayata, uwa bayan uwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kina cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidan da yara duka. Ya ciwon gwiwar nan taki? Ina fata kin daina hawa bene da bokitin ruwa, ko da yake na san faɗa miki ɓata baki ne. Mu nan lafiya lau. 'Yarki Malafa tana gaishe ki, babanta ma haka.

Kin yi ƙorafi cewa a waya ba na ce miki komai sai "lafiya lau". Gaskiyarki. Gidanmu ɗaki biyu ne, 'yarki kuma Allah da ya rage mata gani sai ya ƙara mata ji, ko a banɗaki na yi raɗa sai ta maimaita min. Shi ya sa na ɗauko takarda.

Ki buɗe ambulan a hankali, akwai hotuna biyu a ciki. Na san za ki ce saiwoyin me na aiko miki. Kin tuna ɗan tabon nan da likitan fata ya yanke wa Malafa a wuya bara? Na roƙi guntun fatar da ya rage, aka ba ni bayan na sha zirga-zirgar neman izini, na kawo ɗakin gwaje-gwajenmu. Daga ciki na tsamo ƙwayoyin halittar da ke yin launi, nake rainonsu a 'yan farantan roba cikin akwatin ɗumi. Ci gare su kamar jarirai. Ruwan abincinsu ja-ja ne, in ya fara komawa rawaya to ya yi tsami, dole in je in canza, ko da ranar hutu ce.

Kullum kina cewa ba ki san aikina ba, farar riga kawai kike gani. To bari in gwada miki. A fatar kowa, baƙi da fari, akwai waɗannan ƙwayoyi. A cikin kowace akwai 'yan tukwane da ake dafa launi, shi muke kira melanin, kuma shi ne laimar da ke tare mana rana. In rana ta taɓa fata, ƙwayoyin da ke maƙwabtaka sai su aika saƙo, saƙon ya ƙwanƙwasa ƙofar ƙwayar launi, wani ɗan aike na ciki ya karɓa ya kai cewa a hura wuta. Sai dai mai dafa launin yana da sharaɗi, ba ya taɓa tukunyar da ta yi tsami. Dole a kashe tsamin tukuna, yadda kike jefa 'yar kanwa. A jikin 'yarki komai yana nan. Saƙo yana zuwa, tukwane suna nan, mai dafawa yana zaune da ludayinsa. 'Yar kafar da ke rage tsamin ce kawai ba ta aiki. Ba aljani, ba baki, ba wani laifi da na yi da cikinta, duk abubuwan da na ji da kunnena ranar da aka ga baƙa wuluk irina ta haifi zabiya. Ke ma kin ce in riƙa shanya ta a hantsi ko za ta yi duhu, da na ƙi kika daina ɗaga wayata. Na yafe, amma ban manta ba.

A cikin ƙwayar akwai ɗan aike na biyu, shi kuma aikinsa ya ce a ƙara tsami. Sai na ce tunda kafar ba ta gyaruwa, bari in toshe bakin wannan. Na gwada sinadarai har na daina ƙirgawa. Wata safiya na tace ƙwayoyin wani faranti, na ɗaga kwalbar a haske, sai ga ƙasanta ruwan ƙasa, kamar shayin da aka ɗiga wa madara. Yaya, na zauna a kan kwandon shara ban sani ba. Hoton farko su ne kafin maganin, farare tas. Na biyu su ne bayansa.

Kada ki fara shela. Faranti daban, jikin mutum daban, tafiyar da sauran nisa. Amma na kawo ta ta gani. Idonta ba ya tsayawa wuri ɗaya, ta kasa leƙa madubin da muke ƙara girman ƙwayoyi da shi, sai na haska mata a allon kwamfuta, ta manna hancinta a jiki ta daɗe. Da ta ɗago sai ta ce, "Mama, ashe na iya." Tun ranar take kiransu ƙannenta, kullum na dawo sai ta tambaye ni ko sun ci abinci. Irin hotunan nan biyu suna manne a saman gadonta.

Bari in ba ki dariya. Ƙa'idarmu ce a taron mako kowa ya nuna har gwajin da ya faɗi, ba a ɓoyewa. Akwai wani sinadari da ya yi min akasi, maimakon ya toshe bakin ɗan aiken sai ya ƙara masa murya. Na zuba shi a baƙin farantin da nake gwadawa da shi, wanda ƙwayoyinsa daga damtsena aka ciro, sai ga ƙanwarki Gawayi ta koɗe. Na haska hoton na ce wannan kam sai masu bilicin. Kowa ya fashe da dariya ban da Farfesa, shugabanmu. Shi tambayata ya yi lambar sinadarin, ya rubuta. Mutumin nan ko ranar aurensa ba na jin ya yi dariya.

Ki gaishe min da kowa da kowa. A sa mu a addu'a.

Ƙanwarki,
Gawayi

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki, ina gaishe da maigidan da yara. Na ji gwiwar ta yi sauƙi, Allah ya ƙara afuwa. Na gode da addu'ar da kika ce kina yi, kada ki gaji, yanzu muka fi bukata.

Yaya, baki shi ke yanka wuya. Barkwancin nan da na ba ki labari, ashe ni kaɗai na ɗauke shi wasa.

Wata Litinin na zo na tarar an goge tagogi, an kwashe kwalayen da suka shekara a baranda, har sabulu aka sa a wurin wanke hannu. Na san baƙi ne. Mutanen wani kamfanin man shafawa suka zo, maza cikin kwat da mace ɗaya, turarensu ya cika ɗakin da ko hoda ba ma shiga da ita saboda ƙwayoyi. Farfesa ya ce in zauna kusa da shi, ya gabatar da ni da kirarin da ban taɓa ji daga bakinsa ba. Ni kuwa sakarya har daɗi na ji, na ɗauka maganar 'yarki za a yi.

Aka kashe fitila ya kunna majigi. Ya yi musu bayanin tukwane da tsami tiryan-tiryan, har misalin kanwar da na saba bayarwa ya ara. Ya ce mayukan da ke kasuwa duka suna faɗa ne da mai dafa launin, su doke shi, wasu su kashe ƙwayar gaba ɗaya. Namu kuwa ba ruwansa da duka, saƙo kawai zai aika a ƙara tsami, mai dafawa ya naɗe hannu da kansa. Ya haska baƙin farantina kafin sinadarin da bayansa. Macen ta ce farin bai yi mata ba, ƙwayoyin sun yamutse, sun yi toka-toka. Gaskiya ta faɗa, ba su da lafiya, ni na sani. Sai Farfesa ya ce farkon tafiya ke nan, ya danna, ya haska hoton farko na ƙannen Malafa, farare sol, sun miƙe hannuwa cikin ƙoshin lafiya. Ya nuna da 'yar sandarsa ya ce, "Ga inda muke so mu kai."

Suka gyaɗa kai. Ɗaya ya ce ma sha Allah. Yaya, yarinyar da aka sauya wa benci a aji saboda uwar wata ta ce kada 'yarta ta zauna kusa da ita. Yarinyar da direban bas ya taɓa cewa ta koma baya. Yau ita ce ma sha Allah.

Da suka tafi na bi shi ofis. Bai ɗaga murya ba, ai shi ba ya ɗagawa. Ya ce in duba akwatin ɗumin da muke ɗaure ƙofarsa da igiya, in duba yaran da suka gama karatu ba abin da za mu riƙe su da shi. Ya ce kamfanin zai gyara mana ɗakin duka, in ya so a gefe sai in ci gaba da nawa. Na tambaye shi ko ya gaya musu ƙwayoyin wace ce, ya ce a kimiyya faranti ba shi da uwa. Na ce wannan yana da ita, ga ta a tsaye.

Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Wani ɗan ƙurji ya fito wa 'yarki a saman kunne, daidai inda malafar ke ɗagewa in iska ta kaɗa. Yana ɓawo, ya faɗi, ya dawo. Likitan fata ya duba, ya ce a yanke a kai gwaji. Kin san ba mu wasa da man kariyar rana, ba ta fita wasa sai inuwa ta yi tsawo, riga mai dogon hannu ko ana zafin da kare ke haki. Duk da haka rana sai ta sami kafa. Ita kuwa ko a jikinta, cewa take in ƙannenta sun gama koyon launi za su koya wa kunnen.

Ki yi mana addu'a. Gaisuwa ga kowa.

Ƙanwarki,
Gawayi

*

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Da fatan kuna lafiya, ke da mutanen gidan. Ki yi haƙuri da shirun da na yi, ba fushi ba ne.

Na fara da abin godiya. An yanke ƙurjin, likita ya ce an tare shi da wuri, bai kai ga zama ciwon daji sosai ba, amma hanyarsa ke nan. Saman kunnen ya ɗan gutsure. Babanta ya sayo mata sabuwar malafa mai igiya a haɓa, tana ƙorafin ta mai da ita kamar mai kiwon shanu. Likitan ya ce irin wannan zai riƙa dawowa, sai dai a yi ta sa ido har iyakar rayuwarta.

Shi kuwa "a gefe" da Farfesa ya yi min alkawari, gefen bai zo ba. An sa hannu da kamfani, sababbin na'urori sun iso cikin leda, an yi fenti. Sai ga sharaɗi: sun saye sinadaran duka biyu, mai koɗarwa da mai sa duhu, tunda hanya ɗaya suke bi, kada wani ya bi ta nawa ya gano nasu. Na tambayi macen nan yaushe za a taɓa mai sa duhun. Ta yi min murmushi, ta ce abin tausayi ne ƙwarai, ita ma uwa ce, amma in yi lissafi da kaina, masu son fari nawa ne, zabiya nawa ne. Maganin 'yarki yana nan a firji, a can layin ƙasa, an manna masa takardar kamfani. Kullum ina wuce shi, ba ni da ikon ɗiga ko ɗigo ɗaya a faranti. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Suka ce ni zan jagoranci aikin man, tunda ba wanda ya san tukwanen nan kamata. Aikin shi ne in yi ta gyara sinadarin, kowane mako in ajiye sakamakon kusa da farantin Malafa in auna saura nawa ya kamo ta. Na ce a kai kasuwa. Farfesa ya ce ina bari zuciya tana yi min tunani. Wataƙila. Yanzu an mai da ni hawa na ƙasa ina koya wa 'yan shekarar farko yadda ake riƙe kwalba.

Abu ɗaya ya rage a hannuna. Fatar da izinina aka karɓa, kuma uwa tana da ikon janye izini. Na janye. Ƙa'ida ita ce in an janye, ba a ba ka ƙwayoyi ka tafi da su gida, kashe su ake yi, kuma mai rainonsu shi ke yi. Na zo da safe na buɗe akwatin ɗumi, ruwansu ja-ja gwanin kyau, jiya na canza musu. Na ɗauko na cikin tankin sanyi ma, waɗanda muka adana don gaba, na jera a tebur. Na leƙa su a madubi sau ɗaya, masu ruwan ƙasan har sun ƙara duhu. Sannan na zuba musu ruwan kashe ƙwayoyi faranti bayan faranti, na jira, na juye a kwatami na sake famfo. Ai na saba, aikinmu ne. Sai da na cire safar hannu na ga ba zan iya komawa aji ba.

Farfesa ya tsaya a bakin ƙofa yana kallo, bai hana ni ba. Da na gama ya ce, "Ƙwayoyin naki ne. Hotunan na wurin aiki ne." Ban gane nufinsa ba, ban kuma tsaya tambaya ba.

Da na koma gida ta tare ni da tambayar kullum, ko ƙannenta sun ci abinci. Na ce sun yi barci, an sa su a sanyi sai an neme su. Ta ce to a lulluɓe su. Yaya, na yi wa 'yata ƙarya, kuma ban san ranar da zan warware ta ba. Babanta ya ce in bari ta ƙara girma. Shi komai a bari.

Ki gaishe da yara. Na gaji, a nan zan tsaya.

Ƙanwarki,
Gawayi

*

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fata kina lafiya, da maigidan da yara. Wasiƙarki ta iso, da takardar tallar da kika naɗe a ciki.

Na karanta ta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Kin ce kin ga tallar sabon man a kantin magani, kin ga sunan wurin aikinmu a ƙasa, har kin nuna wa matan layinku kin ce ƙanwarki ce ta haɗa. Kin ce wannan ba irin na kasuwa ba ne mai ƙona fuska, na kimiyya ne, kuma ba fari kike so ba, ɗan haske kawai. Kin ce tunda ina ciki in samo miki kwalba biyu kafin ya yi tsada. Yaya, wasiƙuna uku na aiko miki. Ko dai ba ki karanta ba, ko kin karanta kin tsallake inda ba ya miki daɗi. Ban san wanne ya fi min ciwo ba.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ki tashi ki ɗauko hotunan nan biyu da na aiko miki da farko, in ba ki naɗe ƙosai da su ba. Ki ajiye su kusa da tallar. Ki ɗauki na biyu ki sa a hagu, na farko a dama. Kin gani? Wanda suka rubuta wa "kafin" shi ne ranar da ƙwayoyin 'yarki suka yi launi karo na farko a duniya. Wanda suka rubuta wa "bayan" shi ne yadda aka haife ta. Nasu na gaskiya bai yi kyan da za a nuna ba, sai suka juya nawa. Na kai ƙara sama, aka ce hoton misali ne kawai, an ma rubuta haka da ƙananan baƙaƙe a can ƙasa. Na duba, an rubuta.

Abin da ke cikin kwalbar nan saƙo ne zuwa ga fatarki cewa ta ƙara tsami, ta kashe wuta, ta naɗe laimarta. Abin da nake kwana ina roƙon Allah ya ba 'yata ko rabinsa, shi za ki biya a cire miki. Ke kika sa min suna Gawayi muna yara, ina kuka kina dariya, alhali tukunya ɗaya ta dafa mu, ba ki fi ni haske da komai ba. Na daɗe da daina jin haushin sunan. Ashe ke ce ba ki huce ba.

Ban so ta gani ba, amma na bar takardar a kan tebur na shiga kicin. Na fito na tarar ta manna ta a hanci tana bi a hankali, yadda take karatu. Hotunan da take kwana a ƙarƙashinsu ba za su ɓace mata ba. Ta ce, "Mama, sun juya ƙannena." Sai ta tambaye ni ko an tashe su daga barci ne aka ɗauki hoton. A nan ƙaryata ta ƙare. Na zaunar da ita na gaya mata komai, har famfon da na sake. Ba ta yi kuka ba, ta daɗe tana shafa kunnen nan da aka gutsure. Can ta tambayi wa ya aiko da takardar, na ce Innarki, man take so.

Ta ce, "Inna so take ta zama irina?" Sai ta ce, "To ba ta san rana ba. A aika mata da malafa."

Ba gatse take yi ba, Yaya, ba ta iya shi ba tukuna, ni ce na iya. Tsakaninta da Allah tausayinki take ji. Washegari ta sa na kai ta kasuwa da yamma, ta gwada wannan ta gwada waccan, ta zaɓi mai faɗin baki da igiya a haɓa. Ta ce in gaya miki ki riƙa ɗaurewa sosai saboda iska, kuma kada ki manta da saman kunne in kina shafa man kariya, nan ne ake mantawa.

Man kam ba zan aiko ba, kantin yana kusa da ke. Malafar tana cikin kwalin da ya zo da wannan wasiƙa, na cusa mata jarida don kada ta lanƙwashe a hanya.

Ki gaishe da yara.

Ƙanwarki,
Uwar Malafa